Kimiyya A Ƙofar Gida: Kaska Ɗaya, Jini Daban-Daban

A wannan makon za mu leƙa garken shanu da turken awaki ne, domin amsa wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya.

A hutun daminar bara mun je wani ƙauye da ke tsakanin Kazaure da Roni. A can muka tarar da wani maƙwabcin kakanmu cikin jimami. Ya tara kuɗi ya sayo karsana mai jinin shanun Turai, irin waɗanda ake kwaɗayinsu saboda yawan nono, ya haɗa ta da bunajensa suna kiwo tare. Ba ta yi wata biyu ba ta kama zazzaɓi, ta daina cin ciyawa, ta riƙa kewaya wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Daga baya ta faɗi tana shure-shure, ta mutu. Da malamin dabbobi ya buɗe ƙirjinta, sai ga ruwa ya taru kewaye da zuciyarta. Ya ce ciwon kaska ne.

Abin da ya ɗaure wa mai saniyar kai shi ne, bunajen nasa ma duk da kaska a jikinsu, makiyaya ɗaya, mashaya ɗaya, amma ko atishawa babu wadda ta yi. Ya ce, "To ita kaskar zaɓe take yi?"

Kaska ba ta zaɓe. Bahaushe ya yi mata kirari da "kaska raɓi mai jini", kuma duk mai jinin da ta samu raɓarsa take yi. Bambancin yana cikin jinin da ta tarar. Wannan ba ƙaramin zance ba ne a yankinmu, domin da yawa daga cikinmu akuyar inna ko ragon baba ne ke biyan kuɗin jarrabawarmu.

Yadda kaska ke samun cuta

Kaskar nan mai ado, wadda namijinta ke da zane mai launin ruwan goro a baya da ƙafafu masu ratsi-ratsi, masana suna kiranta Amblyomma variegatum. Manyanta sun fi yawa da damina, kuma sun fi son hantsa da hammata da ƙarƙashin wutsiya.

Sau uku take shan jini a rayuwarta, kowane karo a jikin dabba daban. Macen takan saka dubban ƙwai a ƙasa. Idan suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan mitsi-mitsi masu ƙafa shida sukan hau ciyawa su jira mai wucewa. Su sha jini, su faɗo ƙasa, su yi saɓa su koma masu ƙafa takwas. Su sake hawa wata dabbar, su sha, su faɗo, su sake saɓa su zama manya. Sannan su hau dabba ta uku.

Ga wurin da ya kamata mu riƙe da kyau. Wasu ƙwayoyin bakteriya sukan bi ta cikin ƙwai daga uwar kaska zuwa 'ya'yanta, amma da yawa ba sa yin haka. A irin wannan yanayi, 'yar kaska takan ƙyanƙyashe ne da tsabtarta. Sai ta sha jinin dabbar da ke ɗauke da ƙwayar sannan ta kwasa, ta kai wa dabba ta gaba. Ke nan kaska 'yar aike ce. Rumbun da ake ɗebo cutar yana jikin wata dabba. To wace dabba ce ke zama rumbun, wace ce kuma ba ta zama? Garkuwar jiki ce ke yanke wannan hukunci.

'Yan sintirin da ke cikin jini

A darasin bayoloji an koya mana fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da cuta. Amma akwai wasu dakarun da ba a cika ba su muhimmanci a aji ba. Sinadaran furotin ne sama da 30, yawancinsu hanta ce ke haɗa su, suna yawo a cikin ruwan jini dare da rana. Masana suna kiransu kwamfilimen. Mu kuwa bari mu kira su 'yan sintirin jini.

Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Jules Bordet, ya bayyana aikinsu a shekarar 1895 lokacin da yake aiki a Cibiyar Pasteur da ke Faris, kuma ya samu kyautar Nobel ta shekarar 1919. Aikinsu iri uku ne. Sukan manne wa baƙuwar ƙwaya su sa mata alama don fararen ƙwayoyin jini su gane ta. Sukan yi kururuwa su kira ƙarin mayaƙa wurin. Sukan kuma haɗu su huda jikin bakteriyar har ta fashe. Ba sa jiran sai jiki ya taɓa haɗuwa da cutar, nan take suke afka mata.

To me ya hana su afka wa jikin mai su? Akwai wani furotin da ake kira Fakto H, wanda ke zama a kan ƙwayoyin jikin dabbar kamar katin shaidar ɗan gari. Duk inda 'yan sintiri suka gan shi sai su wuce. Katin kowane jinsin dabba kuma ya ɗan bambanta da na wani. Na ɓera daban, na tsuntsu daban, na saniya daban.

Wasu bakteriya sun koyi wayo. Da zarar sun shiga jini sai su fizgo wannan kati su maƙala a jikinsu, 'yan sintiri su ɗauka ɗan gari ne. Sai dai ba kowane kati kowace bakteriya ke iya riƙewa ba. Wadda ta iya satar katin ɓera ba lalle ta iya satar na tsuntsu ba. Inda ta iya satar, ta rayu. Inda ta kasa, ta mutu.

Ana zaton wuta a maƙera

An fi fahimtar wannan al'amari ne ta hanyar wata cuta da ta fi yawa a Amurka da Turai. A shekarar 1975 aka lura da yara da dama masu kumburin gaɓoɓi a wani gari mai suna Lyme a jihar Konetikat ta Amurka, sai cutar ta ci sunan garin. A shekarar 1982 wani masani mai suna Willy Burgdorfer ya bayyana bakteriyar da ke haddasa ta, wata siririya mai lanƙwasa kamar igiyar da aka murɗa. Aka sa mata suna Borrelia burgdorferi.

Manyan kaskar da ke yaɗa wannan cuta a jikin barewar ƙasar suke taruwa, har ana kiranta kaskar barewa. Don haka kowa ya zaci barewa ce rumbun cutar. Ashe ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Da aka zuba bakteriyar a ruwan jinin barewa a ɗakin gwaje-gwaje, sai aka ga tana mutuwa. Barewa tana ciyar da kaska, tana sa ta yawaita, amma ba ita ke ba ta cutar ba. Babban rumbun shi ne wani ƙaramin ɓeran daji mai fararen ƙafafu, wanda bakteriyar ke zama a jikinsa lafiya lau, shi ma kuma yana harkokinsa.

A jihar Kalifoniya abin ya fi haka ban mamaki. A shekarar 1998 Robert Lane da Gary Quistad suka ba da rahoton cewa jinin wani ƙadangaren yankin yana kashe bakteriyar. Idan kaska mai cuta ta sha jininsa, jinin yakan shiga cikinta ya kashe ƙwayoyin da take ɗauke da su, ta faɗo a wanke. A lura, wannan ƙadangaren Kalifoniya ne, ba jan gwadan da ke gyaɗa kai a katangar makarantarmu ba. Kada wani ya je gida ya ce mun ce jinin ƙadangare magani ne.

A Turai kuma an samu 'yan uwan wannan bakteriya guda biyu da suka raba gado. Borrelia afzelii tana jure jinin ɓeraye amma jinin tsuntsaye yana kashe ta. Borrelia garinii kuwa akasin haka, a jikin tsuntsaye take rayuwa, jinin ɓera ke kashe ta. Kaska iri ɗaya ce ke ɗauke da su duka biyun, amma garkuwar dabbar ce ke tace wadda za ta zauna.

Mu dawo gida

Ciwon da ya kashe karsanar maƙwabcin kakanmu, sunan da masana ke kiransa da shi yana nufin "ruwan zuciya". Wani masani mai suna Edmund Cowdry ne ya gano ƙwayarsa a Afirka ta Kudu a shekarar 1925. Yanzu ana kiranta Ehrlichia ruminantium. A nan Arewa ma an yi bincike mai zurfi a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, inda marigayi Farfesa Ilemobade ya yi fice a wannan fanni.

Ita wannan ƙwaya dabararta daban ce. Maimakon ta tsaya a fili cikin ruwan jini, sai ta shige cikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon jijiyoyin jini ta ɓuya, har da na ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin su fara yoyo, ruwa ya taru a kewayen zuciya da huhu, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Shi ya sa dabbar ke kewayawa tana shure-shure.

To me ya kare bunajen? Abu biyu. Na farko, shanu da tumaki da awakin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna zaune tare da wannan kaska sun fi baƙi jure ciwon, domin tun kaka da kakanni marasa juriyar ke mutuwa, masu juriyar ke haihuwa. Na biyu, ɗan maraƙi yana da wata kariya ta halitta a makonnin farko na rayuwarsa, 'yan raguna da 'yan awaki kuma a kwanakin farko. Idan kaska ta cije shi a wannan lokaci, yakan kamu ba tare da ya jigata ba, jikinsa ya koyi yaƙar cutar. Kamar dai an yi masa rigakafi ne kyauta. Karsanar da aka sayo kuwa ba ta da gadon juriya, kuma ba ta samu wannan horo tun tana ƙarama ba.

Amma fa akwai wani abu. Dabbar da ta warke takan ci gaba da ɗaukar ƙwayar har tsawon watanni, kaɗan-kaɗan, ba tare da wata alama ba. Kaska ta sha jininta ta kwasa. Wato bunajen da ke tsaye garau, mai yiwuwa su ne rumbun da aka ɗebo cutar da ta kashe baƙuwar. A kudancin Afirka an gano cewa namun daji irin su ɓauna da raƙumin dawa ma kan ɗauki ƙwayar haka, ba tare da sun nuna ciwo ba.

Akwai wata bakteriyar ta kaska mai suna Anaplasma marginale, wadda Arnold Theiler ya bayyana a shekarar 1910. Ita cikin jajayen ƙwayoyin jinin shanu take shiga, ta jawo ƙarancin jini da shawara da rama. Saifa ce ke tace jajayen ƙwayoyin da suka kamu tana fitar da su, shi ya sa idan aka cire wa maraƙi saifa ciwon kan yi masa tsanani. Ita wannan bakteriya sauya riga take yi. Da zarar garkuwar saniya ta gane furotin ɗin da ke jikinta ta fara kashe ta, sai wasu daga cikinsu su fito da sabuwar riga, a sake sabon farauta. Haka ake ta yi har ƙarshen rayuwar saniyar. Ba ta iya kawar da ita, ita ma ba ta iya kayar da saniyar. A nan ma maraƙi ya fi babbar saniya jurewa. Tumaki da awaki kuma suna da tasu daban, Anaplasma ovis.

Idan muka haɗa duka, haɗuwar bakteriya da garkuwar dabba takan ƙare ta ɗayan hanyoyi uku. Ko garkuwa ta kashe ta nan take, kamar barewa da ƙadangaren can, cuta ta tsaya a nan. Ko bakteriya ta yi rinjaye dabbar ta mutu, kamar karsanar nan. Ko kuma a yi kunnen doki su zauna tare, kamar ɓeran Amurka da bunajenmu. Masu kunnen dokin nan su ne ke riƙe da cuta a gari shekara da shekaru.

Ita ma kaska tana da nata makamin. Yawunta yana ɗauke da sinadaran da ke hana jini daskarewa, su kuma raunana garkuwar dabbar. Kirci, ciwon fatar nan da ke sa ɓawo ya yi wa saniya kanta-kanta da damina, wata bakteriya ce daban ke kawo shi, amma an tabbatar ya fi tsanani a jikin shanun da manyan kaskar nan mai ado suka yi wa yawa.

Mu ma abin ya shafe mu

A Senegal da Mali da Muritaniya akwai wata kaska mai laushin jiki da ke zaune a ramukan ɓeraye, har waɗanda ke cikin ɗakunan kwana. Takan fito da dare ta ciji mutum na ɗan lokaci ta koma, bai ma sani ba. Tana ɗauke da Borrelia crocidurae, kuma wannan suna daga sunan jaba aka samo shi, domin ɓeraye da jaba ne rumbunta. A jikin mutum takan jawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, saboda ita ma gwanar sauya riga ce. A wani ƙauye mai suna Dielmo a Senegal, masu bincike sun bi lafiyar mazauna daga 1990 zuwa 2003, suka samu cewa a kowace shekara ana samun kamuwa kimanin 11 a cikin kowane mutum 100. Alamominsa suna kama da na zazzaɓin cizon sauro, kuma maganin wancan ba ya warkar da wannan. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne, ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. A je asibiti a yi gwaji, kuma idan kaska ta ciji mutum ya faɗa wa likita.

Kaska kuma ba ta san iyakar ƙasa ba. Kaskarmu mai ado ta tsallaka teku a jikin shanun da aka ɗauka daga Yammacin Afirka zuwa tsibiran Karibiyan, har a tsibirin Gwadalup ana kiranta kaskar Senegal, kuma ta tafi da ciwon ruwan zuciya can. Idan ta iya ƙetare teku, to shigowa ta iyakar Babura ko a motar da ta taso daga kasuwar dabbobi ta Maigatari ba wani aiki ba ne a wurinta.

Abin da za mu iya yi

Idan an sayo sabuwar dabba a gidanku, ku ba manya shawara cikin ladabi a ware ta na wasu makonni, a duba jikinta, a kira malamin dabbobi kafin a haɗa ta da sauran. Idan mai jinin waje ce, ita ce ta fi buƙatar a tsare ta daga kaska.

Dabbar da ta kama zazzaɓi ta daina ci da damina, kada a jira sai ta faɗi. Akwai maganin da ke aiki a kan ruwan zuciya idan an yi shi da wuri, amma idan ta fara shure-shure da wuya ya yi amfani. Ma'aikacin lafiyar dabbobi ne zai faɗi maganin da adadinsa da kuma kwanakin da za a jira kafin a sha nononta ko a ci namanta.

Kada a yi wa garke duka allura da tsinin allura ɗaya. Anaplasma takan bi jinin da ya maƙale a allura ko wuƙa daga saniya zuwa saniya, ko babu kaska.

Kada a fesa wa dabba maganin ƙwarin gona da sunan kashe kaska, domin yana iya kashe dabbar ya kuma cutar da mai fesawa.

Idan za ku cire kaska, ku kama ta da hantsaki daf da fata, ku ja a hankali. Kada ku murtsuke ta da yatsa, domin jinin da ke cikinta yana iya ɗauke da cutar da ke kama mutum. Ku jefa ta a wuta ko a kananzir, ku wanke hannu da sabulu. Bayan kiwo ko yankan ciyawa kuma ku duba jikinku.

A share ɗakuna, a toshe ramukan ɓeraye, a rufe hatsi da kyau.

Aikin gida

Ku ɗauki littafi ku je wurin dabbobin gidanku ko na maƙwabta, bayan kun nemi izini. Ba tare da taɓa kaskar da hannu ba, ku ƙirga nawa ne a jikin kowace dabba, a wane sashe na jiki suke, kuma dabbar wace iri ce, bunaji ce ko rahaji, ɗan ƙasa ne ko uda ko balami ko jar akuya. Ku maimaita bayan mako biyu, ku kwatanta. Ku kuma tambayi wani dattijon makiyayi sunayen da suke kiran kaska iri-iri da cututtukanta, ku rubuta kamar yadda ya faɗa. Ku kai wa malamin bayoloji ko na aikin gona sakamakon, ku kuma aiko mana da shi. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan fili tare da sunan makarantarsu.

Ga kuma tambayar mako: idan aka fesa wa 'yan maruƙa magani har kaska ko ɗaya ba ta taɓa cizonsu ba, sannan bayan sun girma aka daina fesawar, me kuke jin zai faru da su? Amsar tana cikin abin da muka tattauna a sama.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma ba masu shirin jarrabawa sa'a.